Sulken feshi na bayan a-kori-kura: Abin da ya kamata mai mota ya sani kafin ya zaɓa

Babu wani sashe na motar a-kori-kura da ke shan wahala kamar bayanta, wato wurin da ake loda kaya. A nan ake jefa bulo da rodi da buhunan siminti, a nan ake jan durom, kuma a nan ruwan sama ke kwanciya idan motar ta kwana a waje.

Fentin da kamfani ke yi wa wurin bai wuce kaurin takarda ɗaya ko biyu ba. Da zarar shebur ko bakin ƙarfe ya kankare shi, to, ƙarfen da ke ƙasa ya buɗe ke nan, kuma tsatsa ta sami hanyar shiga.

Domin magance wannan matsala ne aka ƙirƙiro wani irin shafe mai kauri da ake fesawa a bayan motar, wanda kan daskare ya zama kamar fatar roba mai kaushi. Shi ne muka kira sulken feshi a wannan bayani. Sana'ar ta fi ƙarfi a Amurka da Kanada da Ostireliya da Afirka ta Kudu, inda a-kori-kura ke da kasuwa sosai.

Sai dai ba dukkan baƙin shafen da aka gani a bayan mota ne iri ɗaya ba. Akwai bambanci mai yawa a wajen sinadari da kauri da kuma yadda aka yi aikin, kuma wanda ya yi kuskuren zaɓi zai daɗe yana zaune da kuskurensa, domin cire sulken bayan ya kama aiki ne mai wuyar gaske.

Mene ne sulken feshi?

Sulken dai ana samun sa ne daga haɗuwar ruwan sinadarai guda biyu da ake ajiyewa a mazubai daban-daban. Ɗaya ana kiran sa aisosayanet, ɗayan kuma wani irin ƙaro ne na masana'anta. Muddin ba su haɗu ba, kowannensu ruwa ne. Amma da zarar sun gauraya a bakin bindigar feshi, sai su shiga juna su rikiɗe su zama roba mai ƙarfi.

Wannan shi ne babban bambancinsa da fenti na yau da kullum. Fenti yana bushewa ne saboda ruwan da aka dama shi da shi ya bi iska. Shi kuwa sulke na ainihi ba bushewa yake yi ba, daskarewa yake yi, kuma kusan duk abin da aka fesa yana nan a jikin motar.

Saboda a matsayin ruwa yake sauka, yana bin kowane lungu da kwari na ƙarfen ya manne da shi, ba tare da barin wani sarari da ruwa ko yashi za su shiga su ɓuya ba.

Daga ina ya samo asali?

Tushen abin yana ƙasar Jamus. A shekarar 1937 ne masanin haɗa sinadarai Otto Bayer da abokan aikinsa suka gano yadda ake yin poliyuretan a birnin Leverkusen. Wannan sinadari ne ake yin soson katifa da tafin takalma da fentin katako da shi a yau.

A ƙarshen shekarun 1980 kuma, masu bincike a sashen sinadarai na kamfanin Texaco a Amurka suka fito da hanyar fesa wani ɗan'uwansa mai suna poliyuriya, wanda ke daskarewa cikin 'yan daƙiƙoƙi.

Ta fuskar kasuwanci, Afirka na da hannu a tarihin. Kamfanin Rhino Linings, wanda aka kafa a birnin San Diego na jihar Kalifoniya a 1988, wani ɗan kasuwa ne daga Afirka ta Kudu, Russell Lewis, ya assasa shi. Kamfanin Line-X, babban abokin hamayyarsa, ya biyo baya a 1993. Kamfanonin biyu sun bazu ne ta hanyar ba wa ƙananan garejoji lasisin yin aiki da sunansu da sinadarinsu.

Ba abin mamaki ba ne da sana'ar ta bunƙasa a Amurka. Tun a 1925 kamfanin Ford ya fara sayar da a-kori-kura da aka gama haɗa ta a masana'anta, kuma samfurinsa na F ya shafe fiye da shekaru 40 yana kan gaba a cinikin motoci a ƙasar. Daga baya su kansu masu ƙera motocin suka shiga harkar. Motar Nissan Titan ta 2004 na cikin na farko da suka fito da sulken tun daga masana'anta, kuma a yau manyan kamfanonin Amurka na ba mai saye zaɓin ya biya a yi masa kafin a miƙa masa mota.

Me ke cin bayan mota?

A ƙasashe masu sanyi, babban abokin gabar ƙarfe shi ne gishirin da hukumomi ke watsawa a kan tituna domin narkar da dusar ƙanƙara. Ruwan gishiri na hanzarta tsatsa ƙwarai da gaske.

A ƙasashenmu babu dusar ƙanƙara, amma akwai abubuwan da ke yin irin wannan ɓarna. Takin zamani da gishiri da kanwa, idan suka zube suka sami danshi, suna cin ƙarfe. Haka ma fitsari da kashin dabbobi, da ruwan batir. Yashi da tsakuwa kuwa aikin samfefa suke yi, domin duk lokacin da kaya ya motsa a kansu sai sun ƙara goge fentin.

Duk wanda ya san tsofaffin a-kori-kura samfurin Peugeot 404 da 504 da suka yi tashe a kasuwannin ƙauye, ya san cewa sau da yawa injin na nan da ƙarfinsa alhali ƙasan bodin ya riga ya huje, an bi shi da faci ko an shimfiɗa katako. Irin wannan ƙaddara ce ke jiran Toyota Hilux da ire-irenta idan ba a kula ba.

Sauran hanyoyin kariya

Kafin mutum ya yanke shawara, yana da kyau ya san cewa feshi ba shi kaɗai ne mafita ba.

Hanya mafi sauƙi ita ce tabarmar roba mai kauri da ake shimfiɗawa a ƙasa. Tana da araha, tana hana kaya zamewa, tana rage ƙarfin bugu, kuma ana iya ɗage ta a wanke. Illarta ita ce ba ta kare bangwayen gefe, kuma danshi na iya kwanciya a ƙarƙashinta idan aka daɗe ba a ɗaga ta ba.

Hanya ta biyu ita ce kwamin roba mai tauri da aka ƙera daidai da siffar bayan motar, a ɗauko shi sukutum a saka. Yana jure bugu sosai saboda ƙusoshin da ke jikinsa, kuma ana iya cire shi. Amma yashi da ruwa kan shige tsakaninsa da ƙarfe, kuma da yake yana ɗan motsi idan mota na tafiya, sai ya riƙa goge fentin a ɓoye. Masu motoci da dama ba sa ganin ɓarnar sai ranar da suka ɗaga shi. Kazalika yana da santsi, kuma yakan lanƙwashe idan ya sha rana.

Sulken feshi ya fi su duka wajen hana tsatsa da riƙe kaya da rage ƙara. To amma shi ma yana da iyakarsa. Yana kare ƙarfe daga kankara, sai dai ba zai hana shi loɓawa ba idan aka jefo abu mai nauyi daga sama. Wannan ne ya sa wasu masu ɗaukar duwatsu ko injuna ke haɗa biyu, wato su yi feshin sannan su ɗora tabarmar roba a kai.

Mai taushi ko mai tauri?

Sinadaran da ake amfani da su sun kasu gida uku: poliyuretan, da poliyuriya, da kuma gaurayen su biyun. Akasarin abin da manyan kamfanoni ke fesawa gauraye ne, kuma kowane kamfani na da nasa ma'aunin.

Abin da ya fi shafar mai mota shi ne yadda sulken zai kasance bayan ya kama. Akwai mai taushi wanda idan aka danna shi da farce yakan ɗan loɓa kamar tayar mota. Wannan yana riƙe kaya da kyau, ba ya cutar da gwiwar mai lodi, ba ya ƙuje kujeru ko firiji, kuma kofaton dabbobi na samun madafa a kansa. Amma bakin ƙarfe mai kaifi na iya yanka shi, kuma jan kaya mai nauyi a kansa na da wuya.

Akwai kuma mai tauri, wanda ya fi kama da robar hular kwano. Wannan ya fi jure shebur da rodi da tsakuwa, kuma ana iya tura kaya a kansa su zame. Sai dai kaushinsa na iya ƙuje kaya masu laushi ko ya huda buhu idan ana jan sa.

Saboda haka tambayar farko da ya kamata mutum ya yi wa kansa ita ce, wane irin kaya ya fi ɗauka? Mai jigilar kayan gini da mai jigilar kayan ɗaki ko raguna ba abu ɗaya suke bukata ba. Garejin kirki zai nuna wa mai mota samfurin abin da yake fesawa, ya taɓa, ya lanƙwasa, ya gwada kankararsa da makulli.

Batun rana da launi

Wani bambancin da ba a cika bayyana wa masu saye ba shi ne na jure hasken rana. Masana sun raba aisosayanet gida biyu. Nau'in farko, wanda ake kira aromatik, shi ne mai araha kuma shi aka fi amfani da shi. Yana da ƙarfi, amma hasken rana na sauya masa launi. Baƙi yakan koɗe ya koma toka-toka, wani lokaci har ya riƙa barin gari a hannu, yayin da launuka masu haske kan koma rawaya.

Nau'i na biyu, wato alifatik, yana riƙe launinsa shekara da shekaru, amma ya fi tsada. Shi ya sa garejoji da yawa kan yi tushen da nau'in farko, sannan su bi samansa da siririn shafe na nau'i na biyu, su karɓi ƙarin kuɗi.

Koɗewar dai a mafi yawan lokuta a fuska take tsayawa, ba ta hana sulken aikinsa. Amma ga motar da za ta yi rayuwarta a ranar Sakkwato ko Agadez, wannan ƙarin shafe ba ado ba ne kawai. Haka kuma ya kamata a tuna cewa baƙin abu na shan zafi fiye da fari. Wanda ke ɗaukar dabbobi ko kayan gwari da tsakar rana na iya gwammace launin toka ko ruwan ƙasa, kuma duk wani launi da ba baƙi ba yana bukatar nau'in da ke jure rana.

Yadda ake fesa shi

Akwai hanyoyi uku, kuma sakamakonsu ba ɗaya ba ne.

Ta farko ita ce ta babban inji mai zafi. Injin na dumama sinadaran biyu zuwa kimanin digiri 60 ko 70 a ma'aunin Salsiyas, ya tura su ta tiyo daban-daban da matsin da ya ninka iskar tayar mota fiye da sau 50. Suna haɗuwa ne a bakin bindiga kawai, kuma cikin daƙiƙoƙi sun kama. Saboda saurin kamawar, sulken ba ya kwarara daga bango, kaurinsa na zama daidai, kuma kaushinsa ƙanana ne masu tsari. Injin na da tsada, kuma yana bukatar wanda ya sami horo.

Ta biyu ita ce ta ƙaramin inji marar zafi. A nan sinadarin na ɗaukar lokaci kafin ya kama, don haka yakan gangara ya taru a kwari, ya yi siriri a tudu. Akasari yakan fi taushi, kaushinsa kuma manya ne.

Ta uku ita ce ta gwangwani ko kwalba, wadda mutum zai saya ya shafa da burushi ko abin mirginawa, ko ya fesa da kwamfuresa irin ta masu fentin mota. Herculiner na Amurka da Raptor na kamfanin U-POL na Birtaniya na cikin sanannun irin wannan. Suna da araha, kuma idan aka yi aikin da kyau sun fi fenti nesa ba kusa ba. Amma suna ɗauke da ruwan da ke bin iska, sun fi siriri sosai, kuma suna bukatar kwanaki kafin su gama ƙarfi.

Babu laifi mutum ya zaɓi hanya ta uku idan ita ce daidai aljihunsa da aikinsa. Laifin shi ne a yi masa ta uku a karɓi kuɗin ta farko.

Kauri, da lissafin da zai hana a cuci mutum

Ƙwararru kan yi wa ƙasan bodi da ƙofar baya kaurin kimanin milimita 3, bangwaye kuma ƙasa da haka kaɗan, tun da ba su ne ke ɗaukar nauyi ba. Ga motocin aiki mai tsanani akan kai har milimita 6.

Da yake sinadarin shi ne ya fi cin kuɗi a aikin, hanya mafi sauƙi ta ha'inci ita ce rage kauri, kuma ido ba ya iya ganewa saboda kaushin da ke sama. Amma akwai lissafi mai sauƙi. Domin a rufe murabba'in mita ɗaya da kaurin milimita ɗaya, ana bukatar lita ɗaya. Ke nan idan ƙasa da bangwaye da ƙofar bayan mota sun kai murabba'in mita 5, kaurin milimita 3 zai ci lita 15. Wanda ya yi aikin da lita 4 bai kai milimita ɗaya ba, komai daɗin bakinsa.

Ana kuma iya duba kaurin a bakin ramukan kusoshi ko a gefen da aka yanke. Wasu garejoji na da ƙaramar na'urar auna kaurin fenti, kuma mai gaskiya ba zai ƙi aunawa a gaban mai mota ba.

Shirin da ake yi kafin feshi

Yawancin sulken da ke ɓarewa ba sinadarin ne ya gaza ba, shirin ne aka yi wa riƙon sakainar kashi. Feshin kansa bai fi 'yan mintoci ba, amma shirin na cin sa'o'i.

Da farko akan kwance ƙofar baya da ƙugiyoyin ɗaure kaya da murafan da ke jiki. Sannan a wanke wurin a cire duk wani maiƙo. Bayan haka a bi ko'ina da samfefa har sai ƙyallin fentin ya mutu, domin sulke ba ya kama wuri mai santsi. Lungunan da inji ba ya shiga dole a bi su da hannu, kuma daga nan ne ɓarewa ta fi farawa. Daga nan sai a share ƙura, a goge da sinadarin da ke cire maiƙo, a rufe sauran jikin motar gaba ɗaya da leda, domin ɗigon da ya sauka a gilashi ko fenti ba ya fita cikin sauƙi.

Idan tsohuwar mota ce, wajibi ne a kankare tsatsa har sai farin ƙarfe ya bayyana, a yi walda a inda ya huje, sannan a shafa fentin tushe mai hana tsatsa. Fesa sulke a kan tsatsa rufe ciwo ne ba tare da magani ba, za ta ci gaba da ci a ƙasa har ranar da sulken zai kumbura ya tashi.

Irin ƙarfen ma abin lura ne. Tun daga samfurin 2015 kamfanin Ford ke yin bodin F-150 da alminiyam, wanda ke bukatar nasa fentin tushe da nasa kayan gogewa, domin ɓurɓushin baƙin ƙarfe na iya haddasa masa ci.

Wasu ƙananan abubuwa guda biyu na nuna ƙwarewar mai aiki. Na ɗaya, kada ya toshe ramukan da ruwa ke fita. Na biyu, kada ya binne kusoshin da ke riƙe bodin, domin wata rana makaniki zai bukaci kwance su.

Haka nan mai mota zai zaɓi ko sulken ya tsaya a ciki, ko ya hau har kan leɓen bodin. Wanda ke ɗora katako ko bututu a kan leɓen, ko yake ɗaure kaya da igiya, ya fi dacewa a rufe masa har sama.

Damina da hunturu

Aisosayanet ba ya shiri da ruwa. Idan ya gamu da danshi yakan fitar da iska, wadda ke haifar da kumfa da ƙananan ramuka a cikin sulken. Poliyuretan ya fi fuskantar wannan matsala, yayin da poliyuriya ke kamawa kafin danshin iska ya yi masa illa. Amma ko shi ba zai manne wa jiƙaƙƙen ƙarfe ba.

Don haka a lokacin damina sai an tabbatar motar ta bushe sarai, har cikin haɗin ƙarafa inda ruwa ke maƙalewa. A lokacin hunturu kuwa iskar a bushe take, amma ƙura ce matsalar, domin idan ta sauka bayan an goge, ita sulken zai kama maimakon ƙarfen. A kowane hali, aikin na rufaffen wuri ne mai tsabta, ba na gindin bishiya ba.

Haɗarin da ke kan mai feshi

Bayan sulken ya gama kamawa, ba ya da wata illa ga mai amfani da motar. Haɗarin yana lokacin feshi ne, kuma a kan ma'aikaci yake.

Nau'in aisosayanet da aka fi amfani da shi, wanda ake kira MDI, na cikin manyan abubuwan da ke haddasa cutar asma, wato fuka, a wuraren aiki. Idan mutum ya riƙa shaƙar sa ko yana taɓa fatarsa, jikinsa na iya kaiwa matsayin da ko ɗan kaɗan ya shaƙa numfashinsa zai sarƙe, kuma galibi wannan hali ba ya warkewa.

A shekarar 2003 wani ma'aikaci ɗan shekara 45 ya rasu a jihar Michigan ta Amurka sakamakon sarƙewar numfashi, jim kaɗan bayan ya fesa irin wannan sinadari a cikin wata motar ɗaukar kaya mai rufi. Binciken da aka gudanar ya nuna cewa ɗakin ba shi da tsarin fitar da gurɓatacciyar iska yadda ya kamata. A 2006 cibiyar binciken lafiyar ma'aikata ta Amurka, wato NIOSH, ta fitar da gargaɗi na musamman a kan wannan sana'a.

Abin da cibiyar ta ba da shawara shi ne a yi feshin a keɓaɓɓen ɗaki mai na'urar zuƙe iska, ma'aikaci ya sa takunkumin da ke rufe fuska duka wanda ake turo masa iska mai tsabta ta tiyo, ya sa riga da safar hannu da sinadari ba ya ratsawa, a kuma riƙa duba lafiyar huhunsa. A Tarayyar Turai ma, tun daga watan Agustan 2023 doka ta wajabta wa masu aiki da waɗannan sinadarai su sami horo kafin su taɓa su.

Takunkumin ƙyalle ko na takarda, ko rawanin da aka ja aka rufe hanci, ba sa tare wannan sinadari. Kuma gargaɗin ya shafi na kwalba da ake haɗawa da ruwan daskararwa, domin shi ma yana ɗauke da aisosayanet. Mai mota da ya ga ana sa yara masu koyon aiki suna feshi da fuska a buɗe, yana da damar ɗauke motarsa ya kai wani wuri.

Jarkar fetur da walda

Akwai gargaɗi biyu da suka shafi mai motar kansa.

Na farko shi ne cika jarka da fetur alhali tana kan mota. Gudun man a cikin jarka na tara wani irin lantarki, irin wanda kan sa riga ta yi ƙara a lokacin hunturu. Idan jarkar na ƙasa, lantarkin na zurarewa. Idan kuwa tana kan roba, ba shi da hanyar fita, sai ya taru har ya yi tartsatsi ya kunna tururin man. NIOSH ta yi gargaɗi a kan wannan a 1998 bayan gobarar da aka samu a motoci masu kwamin roba. Ƙa'idar dai ɗaya ce ko wane irin rufi ne a motar: a sauke jarka ƙasa, a cika ta, a rufe, sannan a ɗora.

Na biyu shi ne walda. Idan wuta ta taɓa sulken yakan ƙone ya fitar da hayaƙi mai guba. Duk wani ƙarfen da ake son haɗawa a bayan motar, kamar kejin dabbobi ko madogarar kaya, gara a gama shi kafin feshi. Idan kuwa gyara ya taso daga baya, sai an kankare sulken daga kewayen wurin, a kuma yi aikin a fili.

Kuɗi da garanti

A Amurka aikin ƙwararru na cin ɗaruruwan daloli, gwargwadon girman mota da irin sinadari da launi, yayin da na gwangwani bai kai rabin haka ba. A ƙasashen da ake shigo da sinadarin daga waje, farashin na bin darajar kuɗin ƙasar.

Manyan kamfanoni na tallata garanti na tsawon rai, amma kalmar na da sharuɗɗa. Galibi ya shafi ɓarewa da tsagewa da kumburi ne kawai, ban da koɗewar launi ko ɓarnar da kaya suka yi, kuma sau da yawa yana ƙarewa ne idan motar ta sauya hannu. Wanda ya sayi motar da aka shigo da ita da sulkenta daga ƙetare kada ya ɗauka garantin ya biyo ta.

Ga mai sabuwar mota, yana da kyau ya tambayi dillalinsa ko goge fentin bayan zai shafi garantin tsatsa na kamfanin. Ga mai sayen tsohuwa kuwa, sabon sulke mai ƙyalli a kan mota mai shekaru abin tuhuma ne. Ya leƙa ƙarƙashin bodin, domin can ne tsatsar da aka rufe daga sama ke tona kanta.

Hanya mafi inganci ta gane gareji ita ce a ga aikin da ya yi shekara biyu ko uku da suka wuce, ba wanda ya gama jiya ba. A duba gefuna da lunguna da bakin ƙofar baya. Idan nan bai ɗaga ba, mai aikin ya san hannunsa.

Wa ke bukatarsa, wa kuma ba ya bukata?

Wasu motocin ba sa bukatar sulke domin hana tsatsa. Honda Ridgeline, da Toyota Tacoma tun daga samfurin 2005, cikin bayansu ba na ƙarfe ba ne, na wata roba ce mai ƙarfi da aka gauraya da zare. Tabarmar roba ta ishe su. Haka nan motar ofis da ba ta ɗaukar komai sai jakunkuna, ko wadda aka rufe bayanta da rumfa.

Wanda zai fi cin moriyarsa shi ne mai motar da ke aiki kullum kuma yake da niyyar riƙe ta shekaru masu yawa, kamar ɗan kwangila ko manomi ko mai jigilar taki da dabbobi. Lokacin da ya fi dacewa a yi shi ne tun motar na sabuwa, kafin tsatsa ta sa ƙafa, domin a lokacin shirin ya fi sauƙi kuma kamun ya fi ƙarfi.

Bayan an gama, akan ba shi aƙalla kwana ɗaya kafin a ɗora masa nauyi, na gwangwani kuma har zuwa mako guda. Kulawarsa ba ta wuce ruwa da sabulu da burushi ba. Idan fetur ko ruwan batir ko man birki ya zube, a wanke shi nan take. Idan kuma wani wuri ya yanke har ƙarfe ya bayyana, a hanzarta kai shi a cike, domin ta wannan 'yar kafa ruwa zai shiga ƙarƙashi, kuma gyaran tafin hannu guda ya fi sauƙi a kan sake aikin gaba ɗaya.